Baffa Ba Ya Shiga Gari da Babur a Mace

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Baffana, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun bayan rasuwar mahaifin nawa, ya fita daga gidansa da ke Panshekara bayan sallar Asuba a kan tsohon babur ɗinsa, lafiya ƙalau, yana tsokanar maƙwabta. Kafin La'asar aka shigo da shi kwance a bayan motar a-kori-kura, an lulluɓe shi da zane. Na sha karanta waɗannan jimloli biyu tun da na rubuta su, har yanzu ban ga yadda ta biyun ta biyo bayan ta farkon ba.

Yaya, babban ɗan Baffa, shi aka fara kira a waya yana bakin aikinsa na tuƙin motar kaya a Bompai. Ina tsakar gida lokacin da ya shigo. Inna, matar Baffa, tana shanya kayan wanki.

Ya ce, "Inna, sai haƙuri. Baba ya rasu."

Ta juyo da jiƙaƙƙen zane a hannu ta ce, "Wane Baban? Ai bai isa ba tukuna. Sai ya isa yake kira."

Haka ta riƙa faɗa wa duk macen da ta shigo yi mata gaisuwa har rana ta faɗi. Ba ta yi kuka ba a ranar. Wayarta tana kan cinyarta, tana juya ta.

A ƙofar gida ma haka abin yake. Limamin unguwa ya ce a sahun gaba Baffa ya yi sallah, har ya gyara masa wayar lasifika kafin ya fita. Wani maƙwabcinmu da ke aikin kwana a majema a Challawa ya zo da takalmin aiki a ƙafarsa, yana ta rantsuwa, "Wallahi da safen nan muka yi kiciɓis, ya danna mini hon, ya ce in je in yi wanka kafin in kashe mutanen unguwa da wari. Da safen nan fa!" Wani dattijo da suka yi aikin masaƙa tare ya zauna a gefen tabarma ya ce, "Tare muka je sayen babur ɗin nan. Na ce masa ba zai kai Sallah ba. Masaƙar ta rufe, rufinta ma an kwashe, babur na nan." Ya fara dariya, dariyar ta koma kuka, aka riƙe shi.

Kafin a kai shi makwanci labari ya rabu kashi-kashi. Wasu na cewa tirela ce ta buge shi, wasu na cewa taya ce ta fashe, har na ji mai cewa 'yan fashi ne. Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka, kuma ina shaida cewa babu ko ƙwarzane a jikinsa. Wani mai faci da ya rako gawar ya ce a zaune ya same shi a gindin wata tsamiya, kusa da rumfarsa a kan hanyar Babura, ya jingina da itacen, babur na tsaye a gabansa. Ma'aikacin asibitin da aka fara kai shi ya ce ga alama zuciya ce. Ba ni da ilimin da zan tabbatar da wannan ko in musanta shi. Abin da aka faɗa mini ke nan.

Muna dawowa daga maƙabarta wani daga cikin manya ya tambaya, "An faɗa wa Goggo?" Ashe ba a faɗa mata ba.

Goggo ita ce babbar yayar Baffa da mahaifina, kuma wajenta Baffa ya nufa a ranar. Tana aure a wani ƙauye a ƙasar Nijar, gaba da Magarya, tun kafin a haifi mahaifina. Ita ta goyi Baffa. Idonta ya daɗe da rufewa, tana fama da hawan jini, kuma shi kaɗai ya rage mata cikin waɗanda suka fito ciki ɗaya. Manya suka yanke cewa ba a faɗa wa irinta wannan labari a waya. Aka kira jikanta, magidancin da take zaune a gidansa, aka gaya masa, aka roƙe shi ya yi shiru har a gama zaman makoki, ni da Yaya mu je da kanmu. Yadda za mu faɗa mata kuwa, babu wanda ya koya mana.

Kafin in kai ga wannan tafiya, dole in faɗi wane ne Baffa, kuma ba zan iya faɗin hakan ba tare da babur ɗin ba.

Baƙi ne, mai dogon mazauni, ya girme ni, ya girmi Yaya. Baffa ya saye shi yana saurayi yana gyaran injina a masaƙa a Bompai. Da masaƙar ta rufe ya koma wani kamfanin robobi a Sharada, da shi ya riƙa zuwa har ya ajiye aiki. Na tambayi Inna da abokan aikinsa shekarar da ya saye shi, kowa ya faɗi tasa, saboda haka na bar ta ban rubuta ba. Fentin tankin ya koɗe a inda gwiwoyinsa ke gogawa. Salansar tana da wata ƙara mai kauri, tana yi tana ɗan sarƙewa kamar dattijo mai gyaran murya. Duk shekara in an gama girbi, sai ya ɗaura buhun tsaraba a baya, atamfa da sabulu da goro da maganin ciwon gwiwa, ya kama hanyar Goggo. Wata shekara ya isa a ranar da ya tashi. Wata shekara ya kwana a hanya. Ba a taɓa yin shekarar da babur ɗin bai tsaya ba.

Sau ɗaya na bi shi, bayan na gama jami'a ina zaman jiran aiki. Abin da zan faɗa a nan da idona na gan shi.

Ba mu yi nisa da barin Kano ba injin ya fara shaƙewa, ya mutu. Na sauka ina huci. Baffa bai ko kalli injin ba. Ya ce, "Nemi inuwa tukuna. Wanda ya kwance inji a rana, rabin abin da zai kwance ba shi ne ya lalace ba." Muka tura shi gindin wata bishiya. Ya shimfiɗa buhu, ya jera sifana da filaya, ya sha ruwa, sannan ya cire hularsa ya miƙo mini.

"Riƙe. Buɗe ta sama."

Duk noti da kusar da ya kwance, cikin hular yake jefawa. Ya ce rairayi ba ya mayar da abin da ya haɗiye, kwano kuma ana iya mantawa da shi a bakin hanya, amma babu dattijon da zai tashi ya tafi kai ba hula. Ba ya mayar da ita kansa sai ta koma babu kome, ya juye ta, ya kaɗa. Daga nesa in ka hango Baffa a gindin bishiya, kansa kawai za ka duba ka san inda aiki ya kwana.

Ba zan ce gwanin da ba ya kuskure ba ne, don ba gaskiya ba ce. A ranar ya kwance kafireta gaba ɗaya, ya wanke ta da fetur, ya hura kowane rami da bakinsa.

Na ce, "Baffa, ko dai mai ne ba ya sauka?"

Ya ce, "Kai dai riƙe hula, malamin boko. Da ana tambayarka za a kira sunanka."

Bayan ya mayar da kome ya taka kik har ya gaji, sai ya leƙa ƙarƙashin tanki ya ga ashe ƙafata ce ta ture makullin man ya rufe. Ya buɗe, babur ya tashi. Ya dube ni ya dubi hular ya ce, "To, ai kafiretar ma ta daɗe ba ta yi wanka ba." Har muka dawo Kano bai yarda na faɗa masa daidai ba, ni ma bai bar ni na manta cewa ƙafata ce ba.

Gaba kaɗan tankin ya fara ɗigo ta wani ɗan tsago. Ya kwance buhun Goggo, ya gutsiri sabulu, ya murza shi da yawu ya liƙe wurin. Ya ce in mun isa in tuna masa ya ba ta haƙuri, an ci mata sabulu.

Wajen Babura muka tarar da wani mutum a bakin hanya, tayarsa ta baya a kwance, mahaifiyarsa tana zaune a ƙasa tana numfashi da ƙyar. Asibiti zai kai ta. Tiyub ɗinsa ya tsage yadda faci ba zai kama ba. Baffa yana da guda ɗaya sabo da ya ajiye saboda hanya. Bai shawarce ni ba, bai tambayi sunan mutumin ba. Ya cire hula, ya sa masa tiyub ɗin a tayar, ya ce, "Tafi, kada ka tsaya godiya, tsohuwa na jira." Ba mu daɗe da rabuwa da su ba ƙaya ta shiga tamu tayar, ta yaga namu tiyub ɗin. Na yi shiru saboda kada in faɗi abin da zai zama rashin kunya. Baffa ya ce in shiga gona in tsinko busasshiyar ciyawa. Muka cusa ta cikin tayar, muka danna da bakin sifana har ta cika ta yi tauri. Ya hau yana tafiya a hankali, ni ina biye da ƙafa, tayar tana wari kamar an kunna yayi. Haka muka kai rumfar wani mai faci. Tun daga ranar suka ƙulla abota, duk shekara Baffa yana bar masa ajiyar fulogi da tiyub, ya ce in wani ya maƙale a ba shi. Wannan mai facin shi ne ya rako gawarsa.

Abu na ƙarshe da na gani a tafiyar shi ne wanda ban fahimta ba a lokacin. Muna hango rumbunan ƙauyen Goggo sarƙar babur ta zame. Tazarar da ta rage ba ta fi a tura a shiga ba. Baffa ya ƙi. Ya nemi inuwa, ya cire hula.

Na ce, "Baffa, ga gari can. Mu tura mana, ku gyara a gida bayan kun huta."

Ya ce, "Ba na shiga gari da babur a mace. In ka shiga kana turawa, kafin ka yi sallama an fara yi maka jaje."

Na ɗauka girman kai ne irin na masu tsohon abin hawa. Sai da rigimarsu da Yaya ta tashi na ji sauran dalilin.

Bara ne. Yaya ya daɗe yana roƙonsa ya daina wannan tafiya a kan babur. Ya ce zai sa shi a mota har Magarya, ya ce zai nemo masa sabon babur, Baffa ya ce sababbin ƙararsu ɗaya kamar injin markaɗe. Da Yaya ya ga magana ba ta ci ba, ana gobe tafiya ya kwance sarƙar ya tafi da ita wajen aiki. Ban taɓa ganin ran Baffa ya ɓaci irin na ranar ba. Ya tsare shi a zaure da yamma.

Yaya ya ce, "Baba, shekarunku fa. In wani abu ya same ku a daji, me za mu ce wa mutane? Cewa za a yi muna da hali muka bar ku a kan gwangwani."

Baffa ya ce, "Au, abin da za ka ce wa mutane ne ya dame ka?"

"Ku ne kuka dame ni."

"To saurara. Goggonku ba ta ganina. Jina take yi. Tun ina bayan gari take jin salansar nan, ta ce a shimfiɗa tabarma ƙanena ya zo. Duk ƙauyen ita ke riga kowa sani, ita da ba ta da ido. In na je a mota, sai wani yaro ya shiga ya faɗa mata ta yi baƙo. Abin da ya rage mata ke nan, shi kake so in sayar?"

Yaya bai dawo da sarƙar ba. Baffa ya je kasuwa ya sayo wata, ya tafi. Sun daɗe gaisuwa kawai ke haɗa su. Ina ganin kowannensu yana da gaskiyarsa, kuma ba na so wanda ya karanta wannan ya ɗora wa Yaya laifi. Abin da ya ji tsoro shi ne ya faru. A zaman makoki na ji shi yana cewa ranar da ya ɗora ido a kan babur ɗin, 'yan gwangwan zai kira su farfasa shi a gabansa.

Duk kwanakin zaman, jikan Goggo yana kira. Ya ce Goggo ba ta damu da jinkirin ba ko kaɗan. Dariya take yi tana cewa babur ya sake yin halinsa, ƙanenta yana gindin wata bishiya kai ba hula. Ta sa an kama zabon da za a yanka masa an ɗaure. Ya ce, "Don Allah ku zo. Wallahi na kasa haɗa ido da ita, alhali ba ta gani."

Washegarin addu'ar uku muka shiga motar haya zuwa rumfar mai facin, don a can babur ɗin yake, da buhun tsaraba a ɗaure yadda Baffa ya ɗaure shi. Niyyarmu mu ɗauki buhun mu nemi 'yan acaɓa, domin daga inda kwalta ta ƙare mota ba ta iya rairayin. Yaya ya tsaya nesa da babur ɗin, ya ƙi kallonsa. Mai facin ya nuna mana tsamiyar. Ya ce Baffa ya tsaya sun gaisa, ya ce injin yana yanke masa wuta, ya tura shi inuwa, ya ƙi a taimaka masa kamar kullum. Shi kuma baƙi suka zo masa da faci. Da ya gama ya kai masa ruwa, ya yi sallama, ba a amsa ba.

Na yi masa tambayoyi da yawa, wasu ma na maimaita su, har na ji kunya. Can sai Yaya ya juyo.

"Malam, hularsa fa? Tana ina lokacin da kuka same shi?"

Mai facin ya yi ɗan tunani ya ce, "Tana kansa. Ni na cire ta da hannuna da za mu kwantar da shi."

"Babu kome a ciki?"

"Babu."

Yaya ya dube ni. Ya je ya kama kan babur ɗin, ya buɗe makullin mai, ya taka kik. Bugu ɗaya ya tashi. Ƙarar nan ta cika wurin, mai kauri, tana ɗan sarƙewa. Yaya ya tsaya yana saurare. Ya daɗe a haka kafin ya ce, "Ya gama gyaransa. Hau mu kai mata kayanta."

Shi ya tuƙa. Mun tsallaka iyaka, mun bar kwalta, mun shiga rairayi. A hanya fulogi ya yi datti injin ya mutu, na ga Yaya ya waiga yana neman inuwa, ya cire hularsa ya miƙo mini. Duk tsawon tafiyar ina ta shirya kalmomin da zan faɗa wa Goggo, ina jera su ina rushewa. Ban yi tunanin kome ba bayan kalmomin.

Muna hawa wani tudu, tun ba mu hango rumbuna ba, Yaya ya kashe injin.

Na ce, "Me ya lalace kuma?"

Ya ce, "Babu. In muka ƙara gaba za ta ji."

Saura kaɗan mu shiga mata da muryar ƙanenta, ta ce a shimfiɗa tabarma, ta ce a yanka zabo.

Muka sauka muka tura. Rairayin yana riƙe tayoyin, rana tana dukanmu. Mutanen da ke ƙofar gidajensu suka riƙa miƙewa tsaye. Sun san babur ɗin, kuma ba su taɓa ganinsa a haka ba. Babu wanda ya tambaye mu. Wasu suka biyo bayanmu a hankali.

Tana zaune a inuwar danga a ƙofar gida, carbi a hannunta. Zabon yana ɗaure a gefe. Babu abin da ake ji sai takunmu da ɗan kas-kas ɗin sarƙa. Ta ɗaga kai, ta karkata kunne. Ba mu kai ga yin sallama ba ta ce, "Wa ke tura babur ɗin ƙanena?"

Yaya ya durƙusa ya ce, "Ni ne, Goggo. Ni da ƙanena."

Carbin ya tsaya a hannunta.

Ta ce, "Shi ba ya tura shi."

Ba mu faɗi ko ɗaya daga cikin kalmomin da na shirya ba. Ta yi salati a hankali, ta maimaita, hawaye suna bin fuskarta. Jikanta ya riƙe kafaɗarta, ta ture hannunsa ta ce ba faɗuwa za ta yi ba. Ta tambayi ranar, muka faɗa mata. Ta tambaya ko ya sha wahala, muka ba ta labarin tsamiyar da hular. Ta ce a matso mata da babur ɗin. Ta shafa mazaunin, ta shafa inda fenti ya koɗe a jikin tankin, ta shafa igiyar buhun har ta kai ƙullin da ya yi.

Sannan ta ce, "Yanzu na sani. Tayar da shi in ji."

Yaya ya taka. Ta rufe idon da dama ba ya gani, ta saurara, duk ƙauyen suna tsaye. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, kuma ba zan ƙiyasta ba. Can ta ɗaga hannu, ya kashe.

Ta ce, "Ku kira uwarku ku ce mata an iso. Tana can tana jira."

Na kira Inna na faɗa mata. A lokacin ne ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar.

Babur ɗin yana zauren Baffa a Panshekara. Ba a kira 'yan gwangwan ba. Yaya ya ce in Allah Ya kai mu girbi mai zuwa, Goggo tana raye, zai sanar da ita tun kafin ya taso, sannan ya shiga mata gari da shi a kunne.

Ya Allah, bawanKa ya tsaya a hanya yana kan zuwa sada zumunci. Ka cika masa ladan tafiyar, Ka yafe masa kurakuransa, Ka ba shi inuwa a ranar da babu wata inuwa sai taKa. Ka ba Goggo da Inna haƙurin rashinsa. Wanda duk ya taɓa maƙalewa a hanyar Babura aka miƙa masa tiyub ko fulogi ba a faɗa masa na wane ne ba, ina roƙonsa ya sa Baffa a addu'a.